Faɗuwar gaba mai zuwa ba sallama ciwo ne, kuma ana warkewa

A ɗakin da nake duba marasa lafiya a nan Maraɗi, da wuya wata ya wuce ba a kawo mini wani a kan kabu-kabu ba, yana dafe da ƙirji, gumi ya jiƙa masa riga, yana roƙon a kira masa iyalinsa domin shi kam tasa ta ƙare. Mukan auna hawan jini, mu saurari zuciya, mu yi gwajin zazzaɓin cizon sauro, mu tarar komai lafiya lau. Kafin a gama rubuta masa takarda numfashinsa ya dawo daidai, kunya ta maye gurbin tsoro, ƴan rakiya kuwa sun fara kallon juna suna raɗa cewa ko iska ce ta taɓa shi.

Abin da ya same shi firgici ne na farat ɗaya, wanda yake cikin cututtukan fargaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da ciwon fargaba, mata sun fi maza yawa, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun magani. Allah ya halicci jikin ɗan Adam da shirin gudu ko kare kai idan haɗari ya taso, inda wani sinadari mai suna adrenalin ke kwarara cikin jini, zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya ƙara sauri. Ga mai wannan ciwo, shirin yakan tashi alhali babu kura babu maciji. Saurin numfashin ne ke kawo jiri da jin kamar kiyashi na yawo a yatsu da leɓɓa, mutum kuma ya ɗauki waɗannan alamu a matsayin mutuwa, tsoron ya ƙara hura wutar. Yawanci abin yakan kai ƙarshen tsananinsa cikin minti 10, ya lafa kafin rabin awa, kuma shi kansa ba ya kisa.

Ɓarnar da ta fi damuna tana zuwa ne bayan an koma gida. Na san wata baiwar Allah mai sayar da atamfa wadda abin ya fara kamawa a tsakiyar babbar kasuwa. Washegari ta aiki ɗanta ya buɗe shago. Bayan mako biyu ta daina zuwa suna da biki, daga nan ta daina shiga mota, har ta kai ko ƙofar gida ba ta leƙawa sai da mai riƙe mata hannu. Duk wurin da ta ƙaurace wa takan ji sauƙi a ranar, amma wannan sauƙin ne ke tabbatar wa zuciyarta cewa lallai akwai haɗari a can, duniyarta kuwa tana ta ƙanƙancewa har ta koma faɗin tsakar gida.

Hanyar da ta bi ta fita ita ce wadda bincike ya fi tabbatarwa, wato zama da ma'aikacin lafiya a fahimci ciwon, a gyara fassarar da ake yi wa alamunsa, sannan a koma wuraren da aka guje wa sannu a hankali. Mun fara da numfashi: a shaƙa ta hanci a ƙirga huɗu, ciki ya kumbura, a fitar ta baki a ƙirga shida, ana yi safe da yamma lokacin da hankali yake kwance, domin ba a ranar tafiya ake kiwon jaki ba. Daga nan ta fara tsayawa a bakin titi, sai shagon unguwa, sai bakin kasuwa da hantsi, da sharaɗin idan gaba ya faɗi ba za ta gudu ba har sai ya lafa da kansa. A hanya abin ya sake kama ta sau biyu, ta zo tana kuka wai aiki ya koma baya. Na ce mata: "Hajiya, wancan karon ɗauko ki aka yi, wannan karon da ƙafarki kika zo." Yau ita ke buɗe shagonta.

Wasu sukan buƙaci magani a haɗa da wannan. Akwai irin su fuloksetin, waɗanda ba sa nuna aikinsu sai bayan mako 2 zuwa 6, ana ci gaba da shansu watanni bayan an ji sauƙi, ba a kuma yanke su rana ɗaya sai da shawarar wanda ya rubuta. Abin da nake gargaɗi a kai da babbar murya shi ne diyazefam da tramol na masu talla a kan tire, domin na farkon yakan kwantar da jiki nan take amma ya zama jaraba, na biyun kuwa ba maganin fargaba ba ne sam, yana ma iya jawo farfaɗiya. Goro da yawa, kofi, da shayin fada mai ɗaci da samari ke sha har tsakar dare, duk suna tayar da bugun zuciya suna hana barci.

Ba na hana kowa addu'a ko zuwa wurin malami, kuma natsuwar da zikiri ke kawowa taimako ce. Roƙona shi ne a haɗa da zuwa cibiyar lafiya, domin ƙarancin jini, ciwon maƙoƙo da ciwon zuciya suna iya zuwa da irin waɗannan alamu, sai an duba ake bambancewa. Waɗanda suka ga tashin hankalin ƴan bindiga a yankunan Madarunfa da Gidan Runji, su ma firgicinsu yana da magani, kodayake kulawarsa ta ɗan bambanta. Iyali kuma su daina cewa "raki ne" ko "ƙarancin tawakkali ne". Idan abin ya taso, mutum ɗaya ya zauna kusa da shi yana numfashi tare da shi, sauran su ba da fili.

Idan ciwon ƙirjin ya zo ne a karon farko, ko ya bi hannun hagu da muƙamuƙi, ko mutum ya suma, ko ya fara zancen ya gaji da rayuwa, kada a tsaya ƙirga numfashi, a kai shi asibiti a wannan sa'ar.