Kumburin ciki bayan kimawi: fawwar da kanwa ba su ne maganinsa ba

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, masu ciwon daji da yawa da ke karɓar magani a Khartoum da Wad Madani suka dawo hannunmu a nan Gadarif. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ƙorafin da na fi ji daga waɗanda suka gama kimawi (wato kemoterafi, maganin ciwon daji) ko gashin na'ura (radiyoterafi) shi ne iska a ciki. Wata dattijuwa ta ce mini, "'Yata, cikin nan ya zama ganga." Na ce, "Inna, me kike sha masa?" Sai ta kwance bakin mayafi: ga fawwar, garin maganin nan mai kumfa in an zuba shi a ruwa, ga ƙullin kanwa, wadda Larabawan nan ke kira atrun.

Ƙwannafi daban, kumburin ciki daban. Ƙwannafi tsamin tumbi ne ke haurowa ƙirji, shi ne maganin kashe tsami ke kwantarwa. Iskar da ke damun mai ciwon daji kuwa galibi a hanji take. Kimawi yana taɓa fatar hanji, gashin na'ura da ake yi a mara yana barin ta da rauni, maganin kashe ƙwayoyin cuta yana hargitsa ƙwayoyin da ke taya narkewa. Mofin da tiramadol da maganin amai irin su ondansetron suna busar da ciki, kuma in bayan gida ya tsaya, iska ma ta tsaya.

To me fawwar ke yi? Gishirin bikabonet ne, da ya haɗu da tsamin tumbi sai ya saki iska. Gyatsar da mutum ke yi yana murna wai ta fita, yawancinta fawwar ɗin ne ya kawo ta. Kanwa ma danginsa ce, ga gishiri mai yawa da ke tayar da hawan jini, ya kumbura ƙafa, ya wahalar da zuciya da ƙoda. Na san da kanwa muka tashi, kunun kanwa kuwa har yau ba na wuce shi. Amma ɗan abin da ake sa wa a girki ba ɗaya ba ne da jiƙa ta a kofi ana kurɓa safe da yamma.

Farin ruwan nan na kashe tsami na kantin magani da ƙwayoyin taunawa su ma ku sa a karanta muku kwalinsu. Mai aluminiyam ko kalsiyam yana ƙara busar da ciki, mai magniziyam yana sa zawo. In kimawi irin su cisplatin ya raunana ƙoda, aluminiyam da magniziyam suna iya taruwa a jiki.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda suke cinye ƙarfin wasu magunguna. Ƙwayar ƙarin jini, ciprofloxacin, doxycycline da maganin maƙoƙo na thyroxine ba sa shiga jini sosai in an haɗa su da maganin tsami. Wasu ƙwayoyin ciwon dajin kansu, kamar erlotinib da gefitinib da dasatinib, sai da tsamin tumbi suke narkewa. Mutum ya sayar da akuya ya sayo magani, sannan ya rage masa ƙarfi da cokali biyu na farin ruwa! Aƙalla a bar tazarar awa 2, wasu ma sun fi haka. Omeprazole, mai rage tsamin tumbi, kuwa tazara ba ta isa, don aikinsa yini guda yake yi. Kada a fara shi sai likitan da ke duba ciwon ya yarda.

Abin da ke rage iskar yawancinsa a gida yake. A raba abinci kaɗan-kaɗan sau 5 ko 6, a tauna a hankali, a daina Pepsi da cingam. Bayan cin abinci kada a miƙe a kan gado, a taka ko na minti 10 ne a tsakar gida. Ful na fatur, wato waken nan da muke karya kumallo da shi, shi ne babban mai laifi, kuma ba zan ce a daina ba a wannan tsadar: a jiƙa shi ya kwana, a zubar da ruwan, a dafa ya yi luguf, a rage yawa, a ɗauke ɗanyar albasa daga kai. Wake ma haka. Wanda madara ta fara murɗa masa ciki bayan kimawi ya gwada zabadi, wato yogot, sau da yawa hanji ya fi karɓarsa. A sha ruwa sosai, jiƙon tsamiya ma yana ɗan sassauta ciki.

Shayin 'ya'yan yansun (anise) ko shamar (fennel) mai ɗumi yana taimaka wa wasu. Na'ana'a tana sassauta hanji amma tana ƙara ƙwannafi. Citta tana rage tashin zuciya, sai dai mai shan maganin tsinka jini ko wanda jininsa ba ya saurin daskarewa kada ya wuce ta shayi. Hulba da muke yi wa kallon maganin komai, ita kanta tana kawo iska, tana kuma sauke sukari. In dole sai an sayi magani, a nemi simeticone, wanda ke fasa kumfar iska kuma ba ya shiga jini.

Akwai kumburin da ba a zama da shi. Ciki ya yi tauri, ba tusa ba bayan gida, ga amai musamman kore: hanji ne ke iya toshewa, kada a ba da filasko ko wani maganin wankin ciki, a tafi asibiti a daren. Haka in bayan gida ya yi baƙi kamar kwalta ko ya zo da jini, ko zazzaɓi ya kai digiri 38 a kwanakin kimawi. Cikin da ke ƙara girma mako bayan mako alhali mutum na ramewa, wataƙila ruwa ne ya taru. Ranar zuwa asibiti ku zubo duk abin da ake sha a leda ɗaya, har da ƙullin kanwar, ku ajiye a gaban likita.