Saurin ƙafa a rawar balet

Saurin ƙafa wani sashe ne na horon balet, rawar da ta samo asali a fadojin Italiya a wajajen ƙarni na 15, ta kuma bunƙasa a Faransa. An fi dagewa a kansa a matakin tsakiya, lokacin da ɗalibi ya iya tsayuwa da buɗe ƙafa tun daga ƙugu, amma da zarar kiɗa ya yi zafi sai ƙafar ta rikice masa.

Tarihi

A 1661 Sarki Luwi na 14 na Faransa ya kafa makarantar rawa ta fada a birnin Faris. Malamin rawarsa, Pierre Beauchamp, shi ake jingina wa tsara tsayuwar ƙafa biyar da har yau ake fara koyarwa da su. A zamanin, mata na rawa ne cikin dogayen riguna masu nauyi, don haka aikin ƙafa ya fi zama na maza. Marie Camargo, wadda ta fara fitowa a gidan opera (wasan kwaikwayo na waƙa) na Faris a 1726, ta rage tsawon rigarta domin 'yan kallo su ga idon sawunta. Ana cewa ita ce mace ta farko da ta yi tsallen antirsha huɗu, wanda ake giciya ƙafafu sau biyu kafin a sauka, kodayake ba kowane masani ya yarda da haka ba.

A ƙarni na 19, August Bournonville na Danmak ya gina salonsa kan ƙananan tsalle-tsalle masu sauri, hannuwa a ƙasa, fuska a sake kamar ba a wahala. Enrico Cecchetti, malamin balet ɗan Italiya, ya ware wa kowace ranar mako nata atisayen. Malamar balet Agrippina Vaganova ta fitar da littafin tsarin koyarwarta a Rasha a 1934. A Amurka, mai tsara rawa George Balanchine ya ƙara wa rawar gudu. Ana taƙaddama kan ko ya yarda dunduniya ta riƙa taɓa ƙasa sosai yayin saukowa daga tsalle.

Horo

Malamai kan fara da sannu, wai sannu ba ta hana zuwa. A atisayen da ake kira tandu, ana goga tafin ƙafa da ƙasa har yatsu su miƙe, sannan a maido da ita, dunduniya na kallon gaba. Maidowar ce ke tona asirin ɗalibi: da yawa kan fita da ƙarfi su dawo a kasalance. Degaje shi ne tandun da ya ɗan bar ƙasa, farape kuwa bugu ne daga idon sawu. Ana farawa da yin kowane motsi cikin ƙirga huɗu, a koma biyu, sannan ɗaya. Wajen saukowa daga tsalle, yatsu ne kan gaba, sai tsakiyar tafi, sai dunduniya, gwiwa ta ɗan lanƙwashe.

A Kaduna

Balet ba ta cikin raye-rayen gargajiyar garin. Wanda ya saba da Koroso, inda ƙarar akayau ke ƙawata taku, zai ga akasi: nan so ake a sauka shiru. Mai atisaye a gida kan riƙe bayan kujera a madadin sandar da ake riƙewa a ɗakin horo. Daɓen siminti da tayil ba sa sassauta wa gwiwa da ƙwauri, shi ya sa ake taƙaita tsalle a kansu, ƙurar hunturu kuma kan sa tayil santsi. A 2020 bidiyon Anthony Madu, yaro ɗan Legas da ke rawar cikin ruwan sama, ya zaga duniya.