Ɗaura eriyar rediyon gida a jikin bututun hayaƙi: tambayoyi da amsoshi

Wace eriya ake nufi?

Ta masu rediyon sha'awa ce, waɗanda ke aika magana su kuma karɓa daga ɗakinsu. Ba a fara aikawa sai da lasisin hukuma, kuma lambar kira a Nijeriya da 5N take farawa.

Kowane bututun hayaƙi zai iya ɗaukarta?

A'a. A Zariya ma gidajen da ke da shi kaɗan ne, an fi ganinsa a gidajen burodi. Na jan bulo da siminti kaɗai ake amincewa da shi. Ka hau, ka karta tsakanin bulo da bulo da ƙusa. In simintin na zuba kamar gari, ko ka ga tsaga, kira magini tukuna. Na kwano ba ya ɗaukar komai. Mutanen cikin Birni kuwa kada wanda ya ɗaura a jikin zanko, ƙasa ce, ƙarfe zai ci ta a damina guda. Wanda ba shi da bututu ya nemi ƙarfen tankin ruwa.

In ana hura wuta a ciki fa?

Gara a haƙura. Hayaƙi da zafi na cin alminiyam ɗin eriya, suna busar da robar waya har ta tsage.

Yaya ake ɗaurawa ba tare da an huda bulo ba?

Da maɗauri biyu na ƙarfen da ba ya tsatsa, kowanne ya zagaye bututun, da maƙalar da ke zama a kusurwa. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce ƙarfin aikin: kada ta gaza santimita 45, in wuri ya ba da dama a ƙara. Kada maɗaurin sama ya hau layin bulo na ƙarshe, a sauko da shi layi biyu ko uku, don na saman babu nauyin da ya danne su. Sandar da za ta ɗauki eriyar ta zama bututun ƙarfe mai faɗin milimita 38, kuma abin da ya ɗara maɗaurin sama kada ya wuce mita biyu. A ɗaure noti bi da bi, kaɗan-kaɗan, ana duba miƙewar sandar.

Nan ne mutane ke kwaɗayin tsawo. Sanda mai tsawo ita ke ba iska hannun banƙare bulo, kuma iskar hadarin farko, wajen Afrilu da Mayu, ba ta da wasa. Siririyar eriya ta zangon 144 zuwa 146 MHz ba ta tare iska sosai. Babbar mai rassa da injin juyawa, hasumiya take so.

Wayar dish za ta yi wajen haɗa eriya da rediyo?

Ba ta dace ba: a ma'aunin da ake kira ohm ita 75 ce, rediyon kuwa 50 yake so. A cikin wayoyin 50 ohm, wadda ake kira RG-213 ta fi RG-58 riƙe ƙarfin sigina in nisan ya haura mita 10. A naɗe mahaɗar waya da eriya da salatif ɗin roba mai manne kansa, sannan a lanƙwasa wayar ta yi ƙasa kafin ta shiga bango, ruwa ya ɗige a waje.

Tsawa da wayar wuta fa?

A auna sanda da eriya, a ninka biyu: nisan da za a bari ke nan daga wayar NEPA. Daga sandar a saukar da wayar jan ƙarfe mai kaurin 16 mm² a miƙe zuwa wata sandar ƙarfe mai tsawon mita 2.4 da aka kafa cikin ƙasa, a haɗa ta da irinta ta wutar gidan. Da hunturu ƙasa kan bushe ƙayau, shi ya sa ake kafa wannan sandar inda ke da danshi. In hadari ya haɗo, zare wayar daga jikin rediyo tun kafin a fara walƙiya.