Waye Zakaran Gwajin Dafi a Maganar Ido?

Wata ranar Asabar muka kafa tebur a harabar wani masallaci a Aboabo, nan Kumasi, muna auna ido kyauta. Wani dattijo tela ya zo ya ce shi tabarau kawai yake so, don zare ya fara ƙin shiga allura. Da na ɗauko na'urar auna ƙarfin ruwan ido, na buɗe littafi zan rubuta shekarunsa, sai ya ja kujera baya. Ya ce, "'Yata, in bincike kuke yi ki faɗa mini tun yanzu. Ni ba zakaran gwajin dafi ba ne." Na ce, "Baba, awo ne kawai. Da bincike ne, ba ni da ikon taɓa idonka sai na karanta maka takarda ka amince." Da ƙyar ya yarda. Idon dama ya nuna 34, na hagu 29. Lafiyayyen ido yawanci ba ya wuce 21.

Na tambaye shi ko yana ɗiga wani abu. Ya laluba aljihu ya fito da wata 'yar kwalba da rubutun jikinta ya goge. A cikin mota ya saya wurin mai talla, kuma wata bakwai kenan yana ɗigawa duk sanda ido ya yi ja. Irin waɗannan kwalabe, wasunsu na ɗauke da sinadarin sitiroyid. Nan take yana kwantar da ja da ƙaiƙayi, amma in aka daɗe a kansa yana iya ɗaga ƙarfin ruwan ido ya kashe jijiyar gani. Mutumin da ke gudun a gwada abu a kansa, ga shi wata bakwai yana gwada abin da bai san sunansa ba.

Ban ga laifin tsoronsa ba. Duk Bahaushen da ya manyanta ya ji abin da ya faru a Kano a 1996 lokacin annobar sanƙarau, da wani kamfanin magani na waje ya sa yara kusan 200 a gwajin wani sabon magani, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, magana ta kai kotu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma kusan duk maganin ido na ƙwarai da muke bayarwa yau, ta hanyar gwaji a jikin mutanen da suka amince aka tabbatar da shi.

Ciwon da ke damun Baba shi ne gilakoma, wanda mutane ke kira hawan jinin ido, ko da yake ba shi ne hawan jini na jiki ba. Akwai wani ruwa a cikin ido da ke shiga yana fita kullum. In magudanarsa ta cushe, sai ya matsa wa jijiyar da ke kai gani zuwa ƙwaƙwalwa. Ba zafi, ba ja. Daga gefe gani ke fara tafiya, mutum ya riƙa tuntuɓe da kujera yana zagin yara. Abin da ya tafi kuwa ba ya dawowa. Ba kamar yanar ido ba, wadda ake cirewa da tiyata mutum ya koma yana gani.

Ta yaya muka san girman matsalar a ƙasar nan? A Tema, kusa da Accra, an auna idon mutum 5,603 masu shekara 40 zuwa sama, aka buga sakamakon a 2013. Kusan mutum 7 cikin 100 na da gilakoma, kuma kusan dukkansu ba su san suna da ita ba. Da mutanen Tema sun ce su ba zakarun gwaji ba ne, da har yau kirdado muke yi.

Ga kuma inda binciken ya taɓa aljihu. An daɗe ana fara jinyar gilakoma da maganin ɗigawa, safe da dare, har ƙarshen rayuwa. Mu da ke bakin aiki mun san yadda take kayawa: kwalba ta ƙare, kuɗi babu, a yi wata biyu ba a ɗiga ba. Wani hannunsa na rawa, rabin maganin a kumatu yake ƙarewa. Da azumi ya kama sai wasu su ajiye kwalbar ɗungurungum, alhali mai sau biyu ana iya daidaita shi da sahur da buɗa-baki. To sai aka yi tambaya: in aka fara da hasken leza fa? Aiki ne na 'yan mintoci, mutum na zaune a kujera, ba yanka ba ɗinki, hasken yana taimaka wa magudanar nan ta buɗe. A Birtaniya an gwada a kan mutum 718, sakamako ya fito a 2019: bayan shekara uku, kusan kashi 74 cikin 100 na waɗanda aka fara musu da leza ba sa buƙatar ɗiga magani.

Amma idon Bature daban, namu daban. Gilakoma ta fi kama baƙar fata da wuri, ta kuma fi yi mana ɓarna. Shi ya sa gwajin da aka yi a Moshi ta ƙasar Tanzaniya ya fi burge ni. Mutum 201 aka raba gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu leza, wasu maganin ɗigawa na timolol. Bayan shekara guda leza ta yi nasara a kashi 61 cikin 100 na idanu, timolol a kashi 31. An buga wannan a 2021. Kada dai a fahimce ni a baibai: leza ba ta dawo da ganin da ya tafi, ƙarfinta na iya raguwa a sake yi, kuma ba kowane ido ta dace da shi ba. Likita ne zai duba.

Mu a Gana ma muna da hannu a irin wannan aiki. Waɗanda asalinsu arewa ne sun san makantar kogi, wadda ƙaramin baƙin ƙuda ke yaɗawa a gaɓar Volta, har ka ga yaro riƙe da sanda yana jan babansa. Tun 1987 ake raba ƙwayar ivermectin kyauta. Sabon maganin moxidectin kuwa, a garin Hohoe da ke yankin Volta aka yi wani muhimmin ɓangare na gwajinsa, kafin hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2018.

To in wata rana aka ce maka ga bincike, ka shiga, ga yadda za ka gane na gaskiya. Ba a gwajin magani a ƙasar nan sai da izinin Hukumar Abinci da Magunguna ta Gana, FDA, da kuma kwamitin da ke kare haƙƙin masu shiga bincike. Dole a ba ka takardar amincewa. In ba ka karanta Turanci, ka ce a fassara maka da Hausa a gaban wanda ka yarda da shi kafin ka dangwala yatsa. Ka tambayi illar maganin, da wanda zai ɗauki nauyin jinya in wani abu ya faru. Kana da ikon cewa a'a, kana da ikon fita ko an yi nisa, kuma ba wanda zai hana ka jinyarka don ka ƙi. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya sa ka a gwajin maganin da ke buɗe idon makaho, ka kama gabanka.

Shi kuwa awo ba ya jiran bincike. In ka kai shekara 40, ko akwai makanta a danginku, ko kana da ciwon suga, je a auna maka ƙarfin ruwan ido a kuma leƙa jijiyar. Akwai sashen ido a Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye, wanda mutanen gari ke kira Gee, mutanen Nima da Mamobi kuma Korle Bu na kusa da su. Ka tafi da duk kwalbar da kake ɗigawa.

Ta Baba tana cikin aljihun teburina. Ya ba ni ne bayan na rubuta masa takardar zuwa asibiti, ya kuma ce ranar Litinin zai tafi tare da ƙaninsa, don mahaifinsu ma da sanda ya ƙare rayuwarsa.