Gama sakandare a Zariya: me ake buƙata, kuma me ke biye da shi?

Duk shekara idan jarrabawar ƙarshe ta ƙarato, tambayoyi iri ɗaya ne ke yawo a bakin iyaye da ɗalibai, daga cikin birni har Sabon Gari da Samaru. Da yawansu tun yaro yana SS1 ya kamata a yi su, amma sai an makara ake tunawa. Ga waɗanda aka fi yi mini a matsayina na malamin makaranta, da abin da nake amsawa.

Malam, an yi wa ɗana bikin yaye ɗalibai, makaranta ta ba shi takarda. Ba ya gama ke nan ba?

Baba, ya gama zaman aji, amma takardar da makaranta ke bayarwa, wato testimoniyal, shaida ce kawai cewa ya yi karatu a wurin kuma ga halinsa. Shaidar da jami'a da ma'aikatu ke nema tana fitowa ne daga hukumar jarrabawa: WAEC, ko NECO, ko NABTEB ga 'yan makarantun koyon sana'a, ko NBAIS ga waɗanda suka bi ɓangaren Larabci da addinin Musulunci.

A takardar sakamako, daga A1 zuwa C6 shi ne kiredit. D7 da E8 an tsallake amma ba kiredit ba ne, F9 kuwa faɗuwa ce. Abin da aka saba nema shi ne kiredit biyar, har da Turanci da Lissafi, a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba. A 2025 ma'aikatar ilimi ta tarayya ta sassauta sharaɗin Lissafi ga masu neman kwasa-kwasan ɓangaren adabi, amma rubuta shi yana nan dole. Ni dai ba na ba kowane yaro shawarar ya saki Lissafi saboda wannan sanarwa, don bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa nan da shekara biyar ba.

Ni kiredit bakwai gare ni, amma an ce ba za su kai ni kwas ɗin da nake so ba. Ta yaya?

Ɗana, ba yawansu kaɗai ake dubawa ba, ana duba a waɗanne darussa aka same su. Mai son likitanci sai da Fiziks, Kimistiri da Bayoloji, kuma jami'o'i da yawa a zama ɗaya suke so. Mai son injiniya sai da Lissafi, Fiziks da Kimistiri. Mai son karatun lauya galibi sai da Adabin Turanci. Haka abin yake a jarrabawar JAMB ta neman shiga jami'a, inda ake rubuta darussa huɗu a kan maki 400: Turanci dole ne, sauran ukun kuma kwas ɗin ne ke zaɓa maka su. Yaro na iya cin maki mai kyau a rasa yadda za a ɗauke shi, saboda kawai ya haɗa darussan da ba su dace ba a wurin rajista.

Tushen matsalar tun ranar da aka raba aji a SS1 ne. Wani ya shiga ɓangaren kimiyya don abokinsa yana can, wata kuma don an ce a gida 'yan kimiyya su ne masu ƙoƙari. Shekara uku yaro yana fama da Kimistirin da bai taɓa shiga kansa ba, alhali da an bar shi a ɓangaren kasuwanci ko adabi da ya yi fice. Wannan yana ba ni takaici ƙwarai, domin zama ɗaya tsakanin uba da malamin aji zai iya hana shi. Littafin jagora na JAMB ya jera kowane kwas da darussan da yake buƙata, yana kan intanet kyauta. A duba shi tun yaro yana gama JSS3.

Sunan 'yata a takardar haihuwa ya ɗan bambanta da na makaranta. Wannan har wani abu ne?

Hajiya, babban abu ne, kuma ya fi kama mu nan Arewa saboda yadda muke da suna. Yarinya sunanta na yanka A'ishatu, a firamare aka rubuta Aisha, a katin NIN na shaidar ɗan ƙasa aka ƙara sunan kaka, a sakandare kuma aka sa sunan unguwa a ƙarshe. A gida duk mutum ɗaya ce, amma kwamfuta ba ta san haka ba. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN, kuma bayanan da ke kan NIN ɗin su ake ɗauka. Idan suka saɓa da na WAEC ko NECO, sai ranar tantancewa a jami'a abin ya taso, a shiga zaryar kotu neman takardar rantsuwa da kashe kuɗin da ba a shirya ba.

Ranar haihuwa ta fi suna wuyar gyara. Kada a rage wa yaro shekaru ko a ƙara masa don wata dabara ta yau, domin wannan ranar za ta bi shi har hidimar ƙasa da neman aiki. Kafin makaranta ta tura sunaye, ki ɗauki takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, da takardar NIN, da takardar shaidar ƙaramar hukuma, ki jera su ki karanta harafi da harafi. A kuma guji yawan sauya makaranta a SS2 da SS3, tunda makin gwaje-gwajen aji na shekarun nan ana tura shi ga hukumar jarrabawa, yana cikin abin da ake haɗawa.

Idan Turanci ko Lissafi bai fito ba, shi ke nan?

A'a. WAEC da NECO duk suna da jarrabawar 'yan waje, wadda aka fi sani da GCE, ana sake rubutawa a haɗa sakamako biyu.

Maƙwabta sun ce in mayar da shi wata makaranta a ƙauye inda ake taimakon yara a ɗakin jarrabawa. Me ka gani?

Kada ka yi, Alhaji. Na san ba don mugunta iyaye ke yi ba, tsoron asarar kuɗin rajista ne da tausayin yaro. Amma hukumomin nan suna riƙe sakamakon cibiya gaba ɗaya idan suka ga alamar maguɗi, wani lokaci su soke, har da na yaron da bai ji ba bai gani ba. Ko da an tsira, JAMB a gaban kwamfuta ake yin ta, daga nan ga tantancewar jami'a, ga shekarar farko inda ake sallamar wanda ya kasa. Abin da ya fi damuna shi ne darasin da yaron ya ɗauka daga hannun mahaifinsa: cewa abin da ba ka iya ba ana saye. Kuɗin da za a kai can, a biya masa darasin yamma na wata shida.

Bai samu ABU ba. Ya zauna ya jira baɗi?

Zama ne ba na so. Mu a Zariya idonmu ya fi karkata ga Samaru da Kongo, inda harabobin ABU suke, ga shi Jami'ar Ahmadu Bello, tun kafuwarta a 1962, daga ko'ina a Najeriya ake nemanta, gurbi ba ya isa. Amma garuruwa kaɗan ne suke da abin da muke da shi. Akwai Kwalejin Nuhu Bamalli mai ba da difloma. Akwai tsohuwar FCE, wato kwalejin ilimi ta tarayya, ga mai son koyarwa. Akwai Kwalejin Aikin Gona ta Samaru, da NILEST mai koyar da kimiyyar fata da sarrafa ta, da NITT ta harkar sufuri, da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama wadda ba matuƙa kaɗai take horarwa ba, har da masu gyara da masu kula da zirga-zirgar jirage. Akwai kuma IJMB, shirin share fage da ABU ke kula da jarrabawarsa, wanda ke kai mai sakamako mai kyau aji biyu na jami'a kai tsaye; makarantar share fage ta ABU da ke Funtuwa tana yin sa. Mai difloma ma yana iya shiga jami'a daga baya ta wannan hanya ta kai tsaye.

Yaushe ya kamata yaro ya fara koyon sana'a? Ba za ta raba masa hankali ba?

Tun yana makaranta, a ranakun Asabar da lokacin hutu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: ɗan shekara goma sha huɗu yana jure aike da sharar shago da faɗan ubangida, ɗan ashirin da biyar mai digiri kuwa da wuya. Abin da ke raba hankalin yaro ba shago ba ne, zaman majalisa ne da waya daga la'asar har dare.

Manhajar sakandare kanta ta tanadi darasin sana'a, sai dai a makarantu da yawa a allo yake ƙarewa saboda babu kayan aiki. Don haka sai an haɗa da waje. Ga masu aikin babbar riga a cikin birni, sana'ar da aka san Zazzau da ita. Ga masu gyaran waya a PZ, ga kanikawa da masu walda da kafintoci a Sabon Gari da Tudun Wada, ga haɗa sola da ake nema a kowace unguwa, ga kiwon kaji da noman rani. Uba ya je da kansa ya ga ubangidan, a yi magana a fili: shekara nawa, wane lokaci yaro zai riƙa zuwa, za a ɗaga masa ƙafa lokacin jarrabawa, kuma me za a yi ranar yaye. Idan hannun yaron ya faɗa, ya nemi takardar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago ta tarayya, mai mataki uku, ko ya rubuta NABTEB. Gwani marar takarda yakan rasa aikin kamfani ko na gwamnati ga wanda bai kai shi iyawa ba.

'Ya mace fa, musamman idan aure ya taso?

Roƙona ɗaya: a bari ta rubuta jarrabawar, a kuma je a karɓo mata takardarta ta asali. Makarantun jinya da ungozoma da na koyarwa dukkansu da sakamakon jarrabawar nan ake shigarsu, kuma matan aure da yawa suna komawa karatu daga ɗakinsu. Wadda aka cire ana saura wata huɗu, sai ta sake daga GCE. A sa maganar ci gaba da karatu cikin abin da iyayen ɓangarorin biyu za su tattauna tun kafin sa rana.

Da takardar sakandare kaɗai ana samun aikin albashi?

Ana samu: soja, wanda a nan Depot na Zariya ake horar da ƙananan sojojin ƙasa, da 'yan sanda, da sauran ayyukan ɗamara, da aikin shago, gidan mai ko makaranta mai zaman kanta. Kowane yana da sharaɗin shekaru da na darussa, a karanta sanarwar a shafin hukumar kanta, kada a dogara da abin da aka turo a WhatsApp. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi zai samo gurbi, a guje shi. Kafin sanarwa ta fito, yaro ya buɗe imel da sunansa na gaskiya, ya riƙe layin waya ɗaya da aka yi wa rajista da NIN ɗinsa, ya koyi rubuta takardar neman aiki da cike fom a kwamfuta da hannunsa, ya kuma ɗauki hoton duk takardunsa ya adana, na asalin kuma kada ya bar su a hannun kowa.