Fargabar yaro da halin gida: kowanne na hura wa ɗan'uwansa wuta

Iyaye, sau da yawa akan kawo mana matashi asibiti da ciwon ciki, faɗuwar gaba da rashin barci, a gwada maleriya da taifod a ga ba komai. In an bi diddigi sai a tarar ciwon ba ya tashi sai da safen makaranta, ko in jarrabawar JAMB ta matso. Ba ƙarya yake yi ba, ba kuma shagwaɓa ba ce. Fargaba ce, kuma jiki na jin ta da gaske. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 na fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, fargaba na cikin waɗanda suka fi yawa.

Gidan da kullum tsawa, gori da "dubi ɗan wane" ke tashi, yaro kan zauna a ɗarare. Wannan kowa ya sani. Wanda ba a cika lura da shi ba shi ne tausayin da ya wuce kima. Yarinya ta ce gabanta na faɗuwa, uwa ta ce yi zamanki yau. Baƙo ya yi mata tambaya, a amsa a madadinta. Nan take hankalinta ya kwanta, amma abin da ta koya shi ne ba za ta iya ba. Gobe tsoron ya ƙaru, uwa ta ƙara karewa, uba ya fusata ya ce an sangarta ta, rigima ta kaure a gabanta.

Wani bincike na Jami'ar Yale a Amurka, da ya fito a 2020, ya nuna horar da iyaye kaɗai ya rage fargabar yara kamar yadda zaman yaran da ƙwararre ya rage.

Yarinyar da ke tsoron makaranta, ku ce da ita: "Mun san da wuya, kuma mun san za ki iya." Ku raka ta bakin ƙofar makaranta, ku juyo. Kaɗan-kaɗan, ba da bulala ba. Saɓaninku kuwa ku bar shi a ɗaki.

Idan abin ya ɗauki makonni yana hana karatu ko cin abinci, a haɗa addu'a da asibiti. Akwai sashen ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da asibitocin tarayya na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da Maiduguri. Wanda ya ambaci yi wa kansa lahani, a kai shi ranar.