"Babu sabis": wane sabis ɗin ake nufi?

Shekaranjiya da daddare ina sauraren wani shiri a rediyo nan Katsina, mai gabatarwa ya tambayi wani jami'i abin da ya sa mutane suka kwana uku suna bin layi a ofishinsu ba a yi musu rajista ba. Jami'in ya ce matsalar sabis ce. Mai gabatarwa ya ce Allah ya kyauta, ya wuce tambaya ta gaba. Abin ya tsaya mini a rai, domin sana'ata ke nan, rubuta manhajar da ke haɗa kwamfutar wannan ofis da ta wancan, kuma na san irin tarkacen da ake turawa ƙarƙashin kalmar nan a rufe. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, lokacin da har mai kayan miya ya koma karɓar taransifa, ta zama amsar kowace tambaya. Mai POS ya faɗe ta, akawun makaranta ya faɗe ta, mai yankar kati a asibiti ya faɗe ta, kuma da an faɗa magana ta ƙare, kamar an ce ruwa ne bai sauka ba.

Kalmar daga Turanci muka aro ta, ma'anarta ta asali kuwa hidima. Mun daɗe muna kai mota sabis, muna cewa wane yana sabis idan ya tafi bautar ƙasa. Da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001 sai muka ɗora ta a kan sandunan nan da ke saman fuskar waya. Wannan sabis ɗin mu Katsinawa ba sai an yi mana bayaninsa ba. A watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda 'yan bindiga, mutane suka riƙa shiga mota su yi tafiya don kawai su kira ɗan'uwa. Wancan shi ne rashin sabis na gaskiya: hanya ce ta toshe.

Amma akwai wani sabis ɗin, wanda masu aikinmu ke nufi, shi ne ya fi kusa da ma'anar asali. Hidima ce da wata kwamfuta ke yi wa wata kwamfuta ta intanet, babu hannun mutum a tsakani. Kwamfutar makaranta ta tambayi ta kamfanin karɓar kuɗi ko wane ya biya, waccan ta duba ta ba ta amsa. Idan ka ba direba wasiƙa a tasha ya kai Daura, hanya da mota abu ɗaya ne, wanda zai buɗe wasiƙar ya karanta ya yi aiki da ita wani abu ne daban. Titi na iya zama lumui, direba ya isa kafin azahar, mai karɓa ya duba ya ce wannan takarda ba a cike ta yadda muka yi alkawari ba, mayar musu da abarsu. Mai hankali ba zai ɗora laifin nan a kan titi ba. To abin da muke yi ke nan kullum.

Misalin wasiƙa ba ni na ƙirƙiro shi ba, a jikin tsarin yake. Ɗaya daga cikin tsofaffin ƙa'idojin wannan musaya sunansa SOAP. A 1998 aka tsara shi a ƙarƙashin kamfanin Microsoft, cikin masu tsarawar har da Dave Winer da Don Box. Bugu na 1.1 ya isa hukumar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo a watan Mayu na 2000, bugu na 1.2 ya tabbata a watan Yuni na 2003. Sunan ba ruwansa da sabulu, gajartawa ce, harafin farko yana nufin mai sauƙi. A bugu na 1.2 suka daina cewa haruffan suna wakiltar wasu kalmomi, kuma na ga dacewar hakan, don tsarin ya riga ya yi rassa. Kowane saƙo ana rubuta shi da XML, wani salon tsara rubutu da kwamfutoci ke iya karantawa, ana sa shi cikin abin da ƙa'idar da kanta ta kira ambulan. A ciki akwai kai, inda ake sa hatimi da lokaci da shaidar mai aikawa, sai jiki, inda ainihin buƙatar take. Gefe guda kuma akwai takardar yarjejeniya mai suna WSDL, wadda ta fayyace abin da za ka iya tambaya, da sunan kowane gurbi, da irin abin da ake sawa a ciki, da adireshin da za a kai saƙon. Manhajoji da yawa na bankuna da inshora da hukumomi da aka gina a shekarun 2000 har gobe da wannan harshen suke magana.

Wani aiki da na yi wa wata makarantar kuɗi a cikin garin nan shi ya sa na tsani yadda ake amfani da kalmar. Mun haɗa kwamfutar akawu da ta wani kamfani da ke karɓar musu kuɗin makaranta. Zangon karatu ya fara, iyaye suka cika baranda. Wasu da an danna sai rasit ya fito, wasu a danna sau biyar ya ƙi. Akawun, dattijo ne mai haƙuri, ya kira ni ya ce, "Injiniya, sabis ɗin nan naku yana zuwa yana ɗaukewa." Na ce, "Baba, wanda ya ƙi ɗin, idan ka bar shi ka yi wa na bayansa, yana yi?" Ya ce yana yi. Na ce idan ka dawo kan na farkon fa? Ya ce ya sake ƙi. Nan na san ba hanya ba ce, domin hanya ba ta zaɓen fasinja.

Na kwana biyu a kan abin. Na ɗauko ainihin ambulan ɗin da ke fita da wanda ke dawowa, na jera waɗanda suka wuce a gefe, waɗanda suka maƙale a gefe, ina sake tura su ɗaya bayan ɗaya da manhajar gwaji ta SoapUI. Sai ga shi duk wanda ya maƙale akwai harafi mai lanƙwasa a sunansa ko adireshinsa. Wannan Ƙofar Durɓi, wancan ɗan Ƙanƙara ne, wancan sunan mahaifinsa Ɗanladi. Akawun mutum ne da ya koyi rubutun Hausa da kyau, ya sa an ɗora masa haruffan a kwamfutarsa, yana rubuta sunan mutane daidai. Kwamfuta kuwa ba ta san harafi ba, lamba ta sani, kuma akwai jadawali fiye da ɗaya na wace lamba ce ke wakiltar wane harafi. Namu ɓangaren yana rubutu da wanda ake kira UTF-8, wanda ya ɗauki ƙ da ɗ da ɓ, yana ba kowannensu gurbi biyu maimakon ɗaya da harafin Turanci ke ci. Can ɓangaren kuwa wani sashe na manhajarsu yana juya rubutun zuwa tsohon jadawalin Yammacin Turai, wanda babu haruffanmu a cikinsa sam, sai ya maye gurbinsu da alamar tambaya. Shi kuwa hatimin saƙo daga abin da ke cikin saƙon ake lissafa shi. Mu mun lissafa namu daga Ƙanƙara, su sun lissafa nasu daga wata kalma mai alamun tambaya biyu. Hatimi bai yi daidai ba, na'urarsu ta ɗauka an taɓa wasiƙar a hanya, ta ƙi karɓa. Ta yi aikinta daidai ma, a kan abin da ta gani.

Shawarar farko da aka ba ni ita ce a ce wa akawu ya daina sa lanƙwasa. Wannan shawarar ita ce ta fi ɓata mini rai, kuma ita ake bi kusan ko'ina. Baƙi da baki ba ɗaya ba ne, ƙasa da kasa ba ɗaya ba ne, sunan mutum kuma ba abin da za a datse ba ne don na'ura ta huta. Haruffan nan suna cikin Unicode, babban jadawalin haruffan harsunan duniya, kowace manhajar zamani tana iya ɗaukarsu. Gyaran da kamfanin ya yi a manhajarsa a ƙarshe layi ɗaya ne. Amma da mun tsaya a kan "babu sabis", da iyayen nan suna ta biyan kuɗin Keke suna zuwa suna komawa har zango ya ƙare.

Sauran matsalolin da nake cin karo da su duk 'yan gida ɗaya ne da wannan. Wani ya turo ambulan irin na 1.2 ga na'urar da 1.1 kawai ta sani. Tambarin da ke kan ambulan ɗin ya bambanta, nau'in saƙon da ake shelantawa a waje ya bambanta, sai ta mayar ba ta ko buɗe ba. Wani ya ɗauki lambar NIN ko BVN, masu lamba 11, ya zuba a gurbin lissafi da iyakarsa 2,147,483,647, gurbin ya cika ya tumbatsa. Lambar asusun banki mai lamba 10 da ta fara da sifiri, idan aka ɗauke ta a matsayin adadi, sifirin ya faɗi, ta koma 9, asusu ya ɓata. Akwai ta agogo, wadda ta fi damun mu nan saboda yanayin wuta: saƙo mai hatimi yana ɗauke da lokacin da aka rubuta shi, na'urori da yawa kuma minti 5 kawai suke lamunta, to idan batirin agogon kwamfuta ya mutu, aka ɗauke wuta aka tada janareta, ta farka da wani lokaci daban, duk abin da ta aika za a ce ya tsufa. Ranar da aka ɗauke manhaja daga kwamfutar mai rubutawa aka ɗora a ainihin saba, wato kwamfutar da za ta riƙa yin aikin, sau da yawa adireshin da ke cikin WSDL yana nan yana nuna tsohon ɗakin gwaji. Ko takardar shaidar tsaro ta ƙare a tsakar dare ba wanda ya rubuta ranar a kalanda.

Kada a ɗauka wannan gazawar mutanenmu ce. Su kansu waɗanda suka tsara abin sun sha fama. Manhajar da aka rubuta da harshen kwamfuta na Java da wadda aka rubuta da tsarin .NET na Microsoft sun yi shekaru kowace tana cewa SOAP take yi amma ba sa jin juna, har manyan kamfanoni, cikinsu da IBM da Microsoft, suka kafa ƙungiyar WS-I a 2002 don kawai a rage hanyoyin da ƙa'idar ta bari a buɗe. Yaranmu masu tasowa yanzu sun fi son REST, wani salon musayar saƙo tsakanin kwamfutoci wanda Roy Fielding ya bayyana a kundin digirinsa na uku a 2000, suna yi wa SOAP kallon kayan tsofaffi. Nauyi kam SOAP yana da shi. Amma ni ina girmama tsarin da ya tilasta wa ɓangarori biyu su rubuta alkawarinsu a takarda kafin su fara hulɗa, kamar yadda ake rubuta cinikin gona a gaban shaidu. Ya kuma tanadi wuri na musamman a jikin amsa inda na'ura ke faɗin dalilin ƙin karɓa, har ta nuna ko gyaran na mai aikawa ne ko na mai karɓa. Abin takaicin shi ne a bugu na 1.1 duk waɗannan amsoshi da lamba ɗaya suke dawowa a waje, wato 500. Mai rubuta manhajar da ya yi kasala sai ya tsaya a kan lambar, bai buɗe ambulan ba, ya rubuta wa akawu a fuskar kwamfuta cewa an samu matsala, a sake gwadawa. Akawu ba shi da laifi idan ya juya wannan zuwa "babu sabis". Mu muka ɓoye masa abin da na'ura ta faɗa.

"A sake gwadawa" ɗin nan kuwa shi ne inda talaka ke asara. Akwai hali na uku da ba ƙin karɓa ba ne, ba kuma toshewar hanya tun farko ba: wasiƙa ta isa, an yi aiki da ita, an cire kuɗi, amsa ce ta makara har mai jira ya gaji ya rufe ƙofa. A idon mai POS daidai yake da sauran biyun. Idan ya sake dannawa, sabuwar wasiƙa ce ta tafi, ana iya cire kuɗi sau biyu. Abin da ya dace a nan shi ne a ɗauki lambar cinikin farko a tambayi matsayinsa, kuma tsarin biyan kuɗi na kirki yana da wannan tambayar a cikin yarjejeniyarsa.

Bayan an gyara maganar haruffa na zauna na cire wancan saƙo guda daga kwamfutar akawu, na sa uku da Hausa a madadinsa. Na farko yana cewa saƙo bai fita ba, a duba intanet. Na biyu yana cewa saƙo ya je an ƙi karɓa, ya kawo dalilin da aka bayar. Na uku yana cewa saƙo ya je amsa ba ta dawo ba, kada a sake biya, a danna nan a bincika. A zangon da ya biyo baya na leƙa makarantar, na tarar da wata uwa a gaban tagar akawu tana tambaya ko sabis ne ya ɗauke. Ya gyara tabarau ya duba, ya ce, "A'a Hajiya, sabis na nan. Lambar ɗalibin ce aka ce ba ta cika ba, ba ni katinsa in gani."